Tangaɗin Gado a Karnuka da Abin da Ya Shafi Mafarautan Ƙasar Rogo da Karaye

Gabatarwa

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan magana gaskiya ce a mafi yawan lokaci, kuma a kanta ne makiyayi da mafarauci suke dogara idan sun tashi zaɓen iri. To, amma akan sami lokacin da uwa gwanar gudu ce, uba ma haka, sa'an nan a haifi ɗan da ko tsayuwa sosai ba ya iyawa. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda haka take faruwa a karnuka, da dalilin da ya sa irin waɗannan cututtuka suka yi katutu a karnukan Turai, da kuma abin da ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a fara maganarsu a ƙasar Hausa.

Na san wani zai ce me ya kawo kare zauren taro irin wannan. Amsa ita ce, a Gwangwan da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, can yammacin Jihar Kano wajen iyaka da Kaduna da Katsina, kare ba abin wasa ba ne. Da zarar an kwashe amfanin gona, daji ya bushe, samari sukan fita farauta ƙungiya-ƙungiya da gora da kiɗa da kirari, kuma rabon kowa a dawa, ko zomo ne ko gafiya ko guza, ya danganta ga ƙafar karensa. Akwai kuma masu ajiye shi don gadin gona da garke. Saboda haka mutumin da karensa ya lalace ya yi asarar abokin sana'a ne, ba asarar abin ado ba.

Abin da ya sa ni wannan nazari shi ne wani al'amari da na gani a gidan wani mafarauci a wani ƙauye kusa da Gwangwan. Yana da wani kare da ya yi suna a fage, kuma don gudun kada jinin ya ɓace, sai ya bar karen ya yi wa 'yarsa barbara. Ta haifi bakwai. Da suka kai wajen wata biyu, biyu daga cikinsu suka fara tafiya kamar bugaggu, alhali kuwa suna cin abinci, idonsu garau, ba zazzaɓi. Maƙwabta suka ce hauka ce, a kashe su duka. Wasu suka ce jifa ce daga abokan hamayya. Da shekara ta zagayo aka sake wannan haɗi, aka haifi biyar, ɗaya ya sake fitowa haka. A karo na uku sai ya kai karyar wajen wani kare na wani gari mai nisa, ta haifi shida lafiyayyu, mai gida ya ce abin ya wuce. Zan yi ƙoƙarin nuna cewa bai wuce ba, ɓuya ya yi.

Mene ne Tangaɗi?

Kalmar da likitoci suke amfani da ita, watau ataksiya, daga harshen Girka ta fito, ma'anarta rashin tsari. Ni dai na zaɓi tangaɗi, domin ita ce kalmar da mafaraucin ya faɗa da bakinsa, kuma ta bambanta da ɗingishi, wanda ciwo yake sawa, ta kuma bambanta da shanyewa, wadda rashin ƙarfi ce. Mai tangaɗi yana da ƙarfinsa, abin da ya rasa shi ne awo.

Wurare uku ne a jiki suke kula da wannan awo. Na farko shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda take can wajen ƙeya, ƙarƙashin babbar. Babbar ƙwaƙwalwa ita ke ba da umurni a tafi, ƙaramar kuwa ita ke auna tsawon taku da ƙarfinsa da lokacin da kowace tsoka za ta kama ko ta saki. Idan ta sami matsala, sai ka ga kare ya tsaya ya wage ƙafafu, in zai yi tafiya ya riƙa ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kunyoyin gona a fili sumul, in kuma ya nufi kaskon abinci kansa ya kama rawa, yana kai baki yana kuskurewa. Manyan ma'aikatan wannan sashe wasu ƙwayoyin halitta ne masu rassa kamar itacen tsamiya, waɗanda ake kira da sunan Purkinje, masanin da ya fara bayyana su a shekarar 1837. Wadda ta mutu daga cikinsu ba a mayar da gurbinta, wannan kuwa shi ya sa yawancin cututtukan da za mu ambata ba su da magani.

Wuri na biyu shi ne laka, wadda ta ratsa cikin ƙashin baya, ita ce hanyar da saƙo yake bi daga ƙafa ya sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafar take. Gwajinta ba wuya: a tanƙwara tafin ƙafar kare a ɗora shi a kan bayan yatsunsa. Lafiyayye nan take zai gyara, wanda lakarsa ta taɓu sai ya bar ta haka, domin bai san ta juya ba. Na uku shi ne can cikin kunne, wanda in ya taɓu kare yakan karkatar da kai gefe ɗaya yana zagaye. Wannan galibi ciwon kunne ne yake kawo shi, ba zan tsaya a kansa ba.

Yadda Ake Gadon Cuta Daga Iyaye Lafiyayyu

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kare akwai wasu zaruruwa guda 78, a jere biyu-biyu, watau tagwaye 39. Na mutum 46 ne. A jikin zaruruwan nan, waɗanda masana suke kira kuromosom, aka jera ƙwayoyin gado wajen dubu ashirin, kowace da aikinta. An kammala karanta wannan rubutu na jikin kare a shekarar 2005, daga jinin wata karya mai suna Tasha a Amurka, aka tarar ya kai haruffa wajen miliyan dubu biyu da ɗari huɗu. Daga kowane tagwai, zare ɗaya na uwa ne, ɗaya na uba. Ya kamata a lura da wannan, domin yawancinmu in ana maganar iri uba kawai muke dubawa, alhali kuwa rabi da rabi ne.

Wani lokaci wajen kwafe wannan dogon rubutu akan yi tuntuɓe, harafi ɗaya ya sauya ko wasu su faɗi, sai ƙwayar gado ta sami tawaya. In dabba ta gaji mai tawaya daga ɓangare ɗaya, lafiyayya daga ɗayan, sau da yawa lafiyayyar takan wadatar, ba a ganin komai. Sai ranar da tawaya ta gamu da tawaya cuta take bayyana. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Burno, shi ya fara fitar da wannan lissafi a shekarar 1866, daga gwajin da ya yi da wani irin wake na Turai.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, domin babu wanda yake zauren nan da bai san amosanin jini ba, watau sikila. Mai AS lafiyarsa lau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Don haka ne ma a shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. To, yawancin tangaɗin gado a karnuka a kan wannan hanya yake tafiya, ba ƙari ba ragi.

Yanzu mu koma gidan mafaraucinmu da wannan lissafi. In karen da ya yi suna yana ɗauke da tawaya a ɓoye, rabin 'ya'yansa za su ɗauka. 'Yar da aka mayar masa tana cikin wannan rabi, saboda haka aka sami uku masu tangaɗi cikin goma sha biyu, daidai ɗaya cikin huɗu. Ya kamata in yi gargaɗi cewa ba kullum lissafi yake fita cif haka ba. In iyaye biyu masu ɗauke da tawaya suka haifi shida, a cikin irin wannan haihuwa ɗari, wajen goma sha takwas za su fito ba mai cuta ko ɗaya, don haka haihuwa ɗaya lafiyayya ba ta wanke iyaye. Daɗin daɗawa, 'yan'uwan mai tangaɗi da suka fito lafiya, biyu cikin kowane uku suna ɗauke da abin. Su ne kuwa waɗanda ake rububin karɓa, tun da 'ya'yan shahararre ne.

Cututtukan da Aka Gano Tushensu

Cututtukan suna da yawa, kuma kusan kowace ta fi kama wani irin kare na musamman. Zan fara da wadda ta fi kusa da mu. Karen Alseshan, wanda aka fi sani a biranenmu wajen gadi da aikin 'yan sanda, yana da wata cuta ta lalacewar laka wadda wani likitan dabbobi mai suna Averill ya bayyana a shekarar 1973. Ba ta fara nunawa sai kare ya manyanta, galibi daga shekara takwas. Takan fara da ƙafafun baya: ƙugu yana layi, ƙafa tana harɗe 'yar'uwarta, farata suna goguwa da ƙasa har su cinye. Babu zafi a cikinta, amma ba ta tsayawa, cikin wata shida zuwa shekara guda ko fiye kare yakan kasa tashi. A shekarar 2009 masana a Jami'ar Mizuri ta Amurka tare da abokan aikinsu suka gano cewa tana da nasaba da sauyin harafi ɗaya tak a wata ƙwayar gado mai suna SOD1. Aikin wannan ƙwaya shi ne share wata guba da jiki yake fitarwa wajen amfani da iska, in kuwa ta sami tawaya sai abin da take ƙerawa ya riƙa dunƙulewa a cikin jijiyoyi. Tun a shekarar 1993 an riga an sami tawayar wannan ƙwaya a cikin wani ɓangare na mutane masu cutar nan ta shanyewar jiki da ake kira ALS, irin wadda ta kama masanin kimiyya Stephen Hawking. Daga baya aka tarar tawayar tana cikin karnuka fiye da iri ɗari.

Abu biyu ne suka sa wannan cuta take da wuyar sha'ani. Na farko, kafin ta bayyana kare ya riga ya shekara biyar ko shida yana barbara, jikokinsa ma sun haihu. Na biyu, ba duk wanda ya gaji tawaya ta ɓangare biyu ne yake kamuwa ba, wani yakan mutu da tsufa ko wani ciwo kafin ta iso shi, sai a yi ta shaidarsa da cewa irinsa mai kyau ne.

Sauran kuwa tun ana kwikwiyo suke kamawa. A ƙananan karnukan farauta na Ingila da ake kira Jak Rasal da danginsu, an san tangaɗin gado tun shekarun 1950, lokacin da aka bayyana shi a ƙasar Suwidin, amma sai a 2013 da 2014 aka gane ashe cuta biyu ce mai kama ɗaya. Ɗaya daga ƙwayar CAPN1 take, tana farawa tsakanin wata shida da shekara. Ɗayar daga KCNJ10 take, tana farawa da wuri, wani lokaci tare da farfaɗiya, ko kuma a ga tsoka tana motsi a ƙarƙashin fata kamar tsutsa na tafiya. A 2017 aka sami wata tawayar dabam a wannan ƙwaya ta KCNJ10 a karen Malinuwa na ƙasar Beljiyam, wanda sojoji da 'yan sanda na ƙasashe da dama suke amfani da shi, inda 'yan kwikwiyo suke kamuwa tun ba su cika wata biyu ba. A karen Bigil, mai farautar zomo, abin yakan nuna ne tun suna mako uku, lokacin da suka fara koyon tafiya, kuma a 2012 aka gano haruffa takwas ne suka faɗi daga ƙwayar SPTBN2. Abin sha'awa, tawayar wannan ƙwaya ce aka samu a 2006 a cikin wata babbar zuriya ta Amurka da ta fito daga kakannin Shugaba Abraham Lincoln, sai dai a wurinsu gado daga ɓangare ɗaya ma ya isa ya kawo cuta.

Akwai wata kuma da mafarauci zai fi kowa gane ta. A karen Labrado, akan sami wanda lafiyarsa lau a gida, amma in ya yi gudu mai tsanani na 'yan mintoci, musamman cikin zafi da zumuɗi, sai ƙafafun baya su saki ya zube, bayan ya huta kamar rabin sa'a ya miƙe kamar ba shi ba. A 2008 masana a Jami'ar Minesota suka danganta wannan da ƙwayar DNM1, wadda take taimaka wa jijiya ta sake tanadin abin aika saƙo. In aiki ya yi yawa sai tanadin ya ƙare kafin a cike gurbinsa. A wurinmu da an ga haka cewa za a yi rago ne, ko rana ce ta buge shi.

Me Ya Sa Turai, Kuma Ina Ruwanmu?

Mai sauraro zai lura duk sunayen da na ambata na karnukan Turai ne. Dalili ɗaya shi ne can aka yi binciken. Amma akwai dalili na biyu wanda ya fi wannan girma. A shekarar 1873 aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, ta buɗe littafin salsala, sauran ƙasashe suka bi sahu. A hankali aka rufe littattafan, ya zama ba a lissafa kare cikin wani iri sai uwarsa da ubansa suna ciki. Sa'an nan duk karen da ya ci gasar nuni, kowa sai ya kai masa karyarsa, kare ɗaya ya haifi ɗaruruwa. Kowace dabba a duniya tana ɗauke da 'yan tawayoyi a ɓoye, har da zakaran gasa, saboda haka tasa tawayar sai ta bazu cikin irin gaba ɗaya, bayan 'yan shekaru jikokinsa su gamu da juna.

Lissafin abin tsoro ne. In ƙwaya ɗaya cikin ɗari ce mai tawaya a cikin jama'ar karnuka, kuma barbara tana tafiya barkatai, kwikwiyo ɗaya cikin dubu goma ne zai kamu. In ta zama ɗaya cikin goma, sai ya koma ɗaya cikin ɗari, watau tawaya ta ninka sau goma, cuta ta ninka sau ɗari. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya a 2021 a kan karnuka iri 227 ya nuna cewa, a matsakaici, kusancin jinin da ke cikinsu ya kai wajen kashi 25 cikin ɗari, daidai da abin da ake samu in wa ya haihu da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Karen gida na Afirka, wanda muke rainawa, ya tsira daga wannan. A 2009 Adam Boyko da abokan aikinsa suka gwada karnukan ƙauye 318 a Masar da Uganda da Namibiya, suka tarar gadonsu yana da faɗi ƙwarai. Amma sun ga wani abu da ya kamata mu yi tunani a kansa: a tsakiyar Namibiya, inda Turawa suka zauna da karnukansu, jinin baƙi ya riga ya rinjayi na gida. A 2018 kuma masana daga ƙasar Sin da Nijeriya suka karanta gadon karnukan gida 15 na ƙasar nan, suka sami alamun cewa sun daɗe suna sabawa da cututtukan ƙasashen zafi. Watau abin da yake kwance a ƙofar gidan mafaraucin Gwangwan dukiya ce da dubban shekaru suka tace, rana da yunwa da kaska sun riga sun fitar da raunana.

Hanya biyu ce za ta iya ɓata wannan dukiya, kuma duka biyun sun fara. Ɗaya ita ce irin ta mafaraucinmu, watau a sami gwani a yi ta mayar masa da 'ya'yansa da jikokinsa don riƙe jini. Ɗayar ita ce kwaɗayin girman jiki, a samo ɗan Alseshan ko wani ruwa-biyu daga birni a haɗa da na gida. 'Ya'yan farko sukan fito da kyau, wannan kuwa shi yake ruɗin mutane. Matsala tana zuwa ne a jikoki, in aka haɗa su ya-su-ya-su don a tsare kamannin baƙon.

Ba Kowane Tangaɗi Ne Gado Ba

A nan nake so in fi jan hankali, domin kuskure a wannan wuri yana iya cin ran mutum. A ƙasarmu, in kare ya fara tangaɗi, gado shi ne abu na ƙarshe da za a zarga, ba na farko ba.

Maƙwabtan da suka ce hauka ce ba su yi wauta ba. Mutane sun fi sanin haukar kare mai cizo da yawo, amma akwai wadda take zuwa shiru, kare ya yi laushi, ƙafafu su saki, muƙamuƙi ya sauka, yawu yana zuba. Mai irin wannan ma yawunsa yana kisa. Bambancin shi ne lokaci: hauka in ta bayyana takan kashe kare cikin kwana goma, tangaɗin gado kuwa a hankali yake tafiya, watanni ko shekaru, kare yana ci yana sha yana kaɗa wutsiya. Saboda haka duk karen da ya fara tangaɗi farat ɗaya, a ɗaure shi nesa da yara, kada a sa masa hannu a baki wai ana neman ƙashin da ya maƙale, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ya ciza ko ya lasar wa rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira. Allurar rigakafi ta karnuka tana nan, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, ta daɗe tana yin ta.

Sai cutar distemfa, wadda take farawa da kwantsa da majina da tari da zawo, daga baya ta hau ƙwaƙwalwa, ta bar kare da tangaɗi ko wata tsoka da take zillo ba tsayawa. Ita wannan ba ta tambayar salsala, karnukan unguwa take bi, dangi da bare. Sai kuma guba. Ƙasar Karaye da Rogo ƙasar noma ce, damina da rani, ga madatsar ruwa ta Challawa, maganin feshi yana kusan kowane gida, wasu ma da shi suke wanke wa kare kaska. Alamarsa yawu da amai da karkarwa da ƙanƙancewar ƙwayar ido, duk cikin sa'o'i kaɗan. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne maganin sammore na shanu, watau diminazin, wanda in aka yi wa kare fiye da kima ko aka maimaita shi kusa-kusa yakan lalata ƙaramar ƙwaƙwalwa kanta. Haka nan filajil da ake ba shi don zawo, in ya yi yawa yakan sa tangaɗi, ko da yake shi wannan yakan warware in an daina.

Ko ganin cuta a cikin 'yan ɗaki ɗaya ma bai isa hujja ba, domin waɗanda suka haɗa jini sun haɗa nono da kasko da makwanci. Tun da muna maganar ƙasar Rogo, bari in kawo misali da mai sunanta. A shekarun 1960 Farfesa Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin wani tangaɗi da yake kama mutane gida-gida a wasu sassan ƙasar Yarabawa, ya danganta shi da yawan cin rogon da ba a jiƙa an fitar masa da guba sosai ba. Wanda ya ga miji da mata da 'ya'ya suna layi zai rantse gado ne, alhali kuwa tukunya ce. Abin da ya ƙarfafa zargin gado a gidan mafaraucinmu shi ne haɗuwar abubuwa da yawa: iyaye dangi ne na kusa kuma lafiyayyu, cutar ta fara a shekaru ɗaya da kama ɗaya, sauran karnukan gidan ba su kamu ba, ta maimaitu da aka maimaita haɗin, ta ɓace da aka sauya uba.

Abin da Za a Iya Yi Ba Tare da Ɗakin Gwaji Ba

A ƙasashen Turai yanzu akan goga auduga a cikin kumatun kare a aika ɗakin gwaji, a dawo da amsa ko wankakke ne, ko mai ɗauke da tawaya, ko mai biyu. Masu sayo karnuka masu tsada daga waje suna da ikon neman wannan takarda kafin su biya kuɗi, kuma ya kamata su nema. Amma gwajin yana ganin tawayar da aka riga aka sani ne kawai, kuma ba abin da mafaraucin ƙauye zai iya ba ne.

Abin da yake da shi, wanda ya fi ƙarfin mutumin birni, shi ne sanin salsala. Mafarauci yakan lissafa maka uwar karensa da kakarsa da garin da aka samo ta da wanda ya ba da ita. Da wannan sani kaɗai za a iya yin abu mai yawa. Haɗin da ya taɓa fitar da mai tangaɗi kada a maimaita shi. Kada a haɗa uba da 'ya, ko wa da ƙanwa, ko waɗanda suka haɗa uba. Mai tangaɗin kansa a fiɗiye shi ko a tsare shi daga barbara. Iyayensa da 'yan'uwansa kuwa ban ga dalilin kashe su ba, lafiyarsu lau kuma za su yi farauta har tsufa, kuma in aka ce duk mai ɗauke da tawaya a kawar da shi, an ƙara ƙuntata irin ke nan, wata tawayar ta sami fili. Abin da ake bukata shi ne a nemo musu abokan barbara daga nesa. Malamai da ɗaliban Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tun da Zariya ba ta da nisa da Rogo, za su iya rubuta waɗannan salsaloli daga bakin masu su, su ɗauki hoton tafiyar 'yan kwikwiyo da wayar hannu, su adana ƙwaƙwalwar wanda ya mutu bayan an tabbatar ba hauka ba ce, domin a nan ne ake ganin ko ƙwayoyin Purkinje sun zube.

Game da mafaraucinmu, 'ya'ya shidan nan lafiyayyu da aka samu da baƙon kare, bisa lissafi wajen uku daga cikinsu suna ɗauke da abin da uwarsu take ɗauke da shi. Ya riƙe biyu, ya rabar da huɗu ga abokan farautarsa, maza da mata, a ƙauyukan da ba su fi tafiyar hantsi tsakaninsu ba, kuma duk rani a fage ɗaya suke haɗuwa. In biyu daga cikinsu suka yi barbara, kowane kwikwiyo yana da rabo ɗaya cikin goma sha shida na fitowa da tangaɗi. Na ba shi shawara ya gaya wa waɗanda ya bai wa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ya faɗa, ba wanda zai sake zuwa neman ɗan karensa.